Reshen Matar Samanja

Makon jiya wata hajiya ta aiko a kira ni, wai tana da aikin gadina. Na wasa almakashina, na ɗaure shi a bayan mashin, na tafi ina murna kamar wanda aka gayyata cin tuwon suna. Da na shiga gidan sai na tarar babu ƙasa ko cikin cokali, an shafe tsakar gidan da siminti tun daga bakin ƙofa har bayan kicin. Fulawar da ake so in gyara kuwa ta roba ce, tukunya goma sha biyu, wai ta dushe, in wanke ta da sabulu. Na wanke. To me zan yi? Har na bi ganyen ɗaya bayan ɗaya da tsumma, hajiya ta ce lallai na san aikina. Na hau mashin na kama hanyar gida. Na tuna lokacin da gidajen Zuru suke da ƙasa a cikinsu, na kuma tuna wani reshe guda wanda bai kai tsawon hannuna ba, wanda har yau in ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A wancan zamani, lokacin da wayar hannu ta fara shigo mana, sai mutum ya hau tudu kafin ya ji muryar ɗan'uwansa, gadina mutum ne da ake tsayawa a gaisar a hanya. Gida goma sha ɗaya nake riƙe da su, na ma'aikata da na tsofaffin sojoji, ko da yake in aka tambaye ni a majalisa arba'in nake cewa. Ba mu aiki da kalanda, sama muke dubawa. Da damina ciyawa ce sarauniya. Ka sa langalanga ka yanke gabanka, ka waiwaya, ta baya ta riga ta miƙe tana jiran ka dawo. Tun da sassafe za ka ji unguwar ma'aikata ta ɗauki fito, fiu, fiu, langalanga tana tsaga iska, daga wancan gida kuma almakashi yana ƙyas-ƙyas a kan shinge, ga ƙanshin ɗanyar ciyawa ya cika hanci. Da kaka sai a tattara irin fulawa a ƙulle a takarda, a sare busassun rassa, a ja ganye da manjagara zuwa rami ya ruɓe. Rani kuwa na ruwa ne da gara. Rijiya ta ja baya har guga ya riƙa dawowa da laka, ka tura kura cike da jarkoki har ƙashin bayanka ya fara magana, sannan ka bi gindin kowace bishiya da toka don kada gara ta cinye ta a tsaye. Da bazara a zagaye gindi da ɗan kwari, a zuba takin shanun da aka samo a ruga, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, a zauna a zuba wa gabas ido. Yau kuwa akwai bohol a gida, yaro ya murɗa famfo ya riƙe tiyo da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗayan, ya ce ya yi ban ruwa.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne da ya yi wa 'yan mishan gadina tun yana saurayi. Tsoho kawai muke ce masa. Ba shi da yawan magana, ni kuwa Allah ya yi ni da baki, saboda haka muka daidaita: ni ina zuba, shi yana aiki. A duk garin shi ne gwanin auren bishiya. Yadda ake yi, sai a sami ɗan mangwaron gida, irin mai zaren nan da ke fitowa ko a juji, a datse kansa, a tsaga, a soka ɗan reshen mangwaro mai kyau a ciki, a naɗe wurin da zaren leda. In ya kama, saiwa ta ɗan gida ce, 'ya'ya kuwa na baƙon reshen ne. Amma ɗan gida ba ya haƙura. Yakan yi ta fitar da nasa tsiron daga ƙasan ɗaurin, kuma nasa ya fi ƙarfi da kyan gani, in ba a cire shi ba sai ya danne baƙon. Kullum Tsoho yana ce mini, "Kai mai baki, kada ka yanke komai a tsaye. Durƙusa ka ga inda ya hito." Ni kuwa a lokacin na riga na fara kiran kaina injiniyan fulawa, ina aske shinge ya fito da siffar tulu, matan manya suna leƙowa ta taga. Injiniya kuma ai ba ya durƙuso.

Cikin gidajena akwai na Baba Samanja, can bayan unguwar Rikoto. Tsohon soja ne, dogo, miƙaƙƙe kamar sandar tuta, Kirista ne da ba ya wasa da coci, idanunsa sun fara yana, yana ganin mutum kamar inuwa. Matarsa ta rasu tun suna wani bariki a kudu. A bayan ɗakinsu na barikin ta dasa mangwaro da hannunta, ta yi ta renonsa har ya yi 'ya'ya. Bayan ya yi ritaya ya dawo gida, sai labari ya iske shi cewa za a rushe layin ɗakunan a yi sabon gini. Dattijon nan ya hau mota, kwana biyu a hanya, ya je ya yanko rassa uku, ya naɗe su a jiƙaƙƙiyar safar soja, ya riƙa yayyafa musu ruwan da ya saya don ya sha har ya iso Zuru. Tsoho ne ya yi auren. Biyu suka bushe, ɗaya ya kama. Uwar bishiyar kuwa an sare ta a watan da ya biyo baya.

Ranar da aka damƙa mini gidan, Baba Samanja ya kama hannuna ya kai ni gaban ɗan dashen, wanda bai wuce gwiwata ba. Ya ce, "Gadina, ka ga gwaiba, ka ga lemu, ka ga fulawa. Duk su mutu, ban damu ba. Wannan shi na aikinka."

Na ce, "Baba, ai ka kawo shi hannun likita. Nan da shekara biyu sai an tokare rassansa da ƙarfen jirgi."

Ya ce, "Ban tambaye ka waƙa ba. Rahoto nike so, kullum da sahe."

Haka kuwa aka yi. In na shigo da barona sai in ji daga baranda, "Gadina! Rahoto!" Ni kuma in ƙame, in buga ƙafa, in sara masa da manjagara a kafaɗa: "Komai daidai, Baba!" Ya yi dariya har sai ya yi tari.

A tsakiyar daminar farko abin ya faru. Ruwa ya yi mako uku yana zuba kamar an huda sama, ciyawar gida goma sha ɗaya ta taso mini gaba ɗaya, na daina duba ɗan mangwaron da kyau, sai dai in hango kore daga nesa in ba da rahoto. Ranar da na zo kansa sai na ga ya zama biyu. Ga wani reshe miƙaƙƙe, mai kauri, ganyensa ja-ja yana sheƙi. Ga wani kuma siriri, karkatacce, ganye biyar ko shida, kamar marayan ɗan akuya. Daidai lokacin wata mai tallar dafaffiyar gyaɗa ta tsaya a bayan shinge, yarinyar da na daɗe ina so ta san ni injiniya ne. Na fara yi mata bayanin cewa bishiya kamar soja take, ba a barin rago a cikin layi. Ina tsaye, ƙirji a buɗe, ido a kanta, na sa almakashi na datse siririn tun daga tushe. Ƙyas. Ta ba ni gyaɗar naira goma ta wuce.

Da na sunkuya in ɗauke shi, sai na ga zaren leda a gindinsa, ɗaurin Tsoho, da ɗan kumburin inda auren ya kama. Reshen matar Samanja ne a hannuna. Wanda na bari a tsaye yana sheƙi ɗan gida ne.

Kuskure kowa yana yi, na san gadinan da ya taɓa aske wa alƙali lalle yana zaton ciyawa ce. Abin da ke hana ni sakewa shi ne abin da na yi bayan nan. Reshen ɗanye ne shar, ruwansa bai ko tsaya ba. Gidan Tsoho bai fi tafiyar shan rake ɗaya ba, kuma a bayan ɗakinsa akwai 'ya'yan mangwaron gida a leda sun fi hamsin. Da na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma na ruga, da kafin azahar an sake aurar da shi, wataƙila ma a fitar da biyu daga cikinsa. Abin da zan biya bai wuce ranƙwashi a ka da dariyar 'yan majalisa ba. Na san haka sarai a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma sai na tuna sunan injiniya. Na kwance zaren ledar, na naɗa shi a gindin ɗan gida, na tura reshen ƙarƙashin ciyawar da ke cikin baro, na tura barona na wuce ta gaban baranda.

"Gadina! Yaya mutumin namu?"

"Baba, ya yi tsalle! Cikin mako uku ya ƙara taƙi biyu. Taɓa ka ji."

Ya zo ya shafa ganyen, ya bi kara da yatsa har ya taɓa ledar, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Kai, hannunka na da albarka." Ya sa aka kawo mini kunu. Na sha. Reshen yana cikin baro a bakin ƙofa, ni ina shan kunu har da neman ƙari. Da yamma na juye shi a juji tare da ciyawa.

Daga ranar babu bishiyar da ta ga gata a ƙasar Zuru kamar wannan ɗan mangwaro na banza. Da rani in rijiyoyi sun ƙafe, fulawar manyan mutane ta yi ta faɗuwa, shi kuwa jarka biyu safe, biyu yamma, ko da zan turo kura daga bakin rafi. Takin da ya fi kowane ruɓewa nasa ne. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, na zuba masa toka har ya yi kamar mai shirin wasan tashe. In gara ɗaya ta bi ta unguwar sai na san sunan ubanta. Ina yi ina gaya wa kaina wai wata rana zan faɗa, bari dai damina ta wuce, bari kaka ta wuce. A rani na biyu Tsoho ya kwanta ciwo. Na je gaishe shi, ya tambaye ni reshen, don bai sake zuwa gidan ba tun da ƙafa ta hana shi yawo. Na ce yana nan lafiya. Ya ce, "Ka kula da tsiron ƙasa." Na ce, "Haba Tsoho, ni za a gaya wa?" Bai ga damina ba.

Mangwaron aure yakan yi fure da wuri, shi kuwa wannan shekara uku shiru, sai tsawo. Na ce ƙasar Zuru ce ba ta saba da shi ba. Na ce irin na kudu sai ya koyi Hausa tukuna. Baba Samanja ya yi dariya ya ce, "Bar shi ya ɗauki lokacinsa. Shekara bakwai na yi ina golmo a gonar ubanta kahin a ba ni ita. Mi na shekara huɗu?" Golmo shi ne noman da saurayi yake yi wa surukai a al'adar mutanen ƙasar kafin a ba shi mata. Da bishiyar ta yi inuwa sai ya sa aka mayar da kujerarsa ƙarƙashinta. Idon ya riga ya rufe kusan duka. Ina sassabe yana ba ni labari: yadda take yanka mangwaron gida-gida da 'yar wuƙa ta juya fatar, yadda ba ya barin zare a haƙori ko ɗaya, yadda take ɓoye na farko ta hana 'ya'yanta har sai ya dawo daga fareti. Ni kuma, Allah ya yafe mini, sai in ce, "Baba, wannan in ya zo sai ya fi nata girma. Guda ɗaya sai an yi gayya." Mutum yana zaune a inuwar ƙaryata yana tuna matarsa, ni ina ƙara masa.

A shekara ta biyar ya yi fure, ya cika fal, ƙudan zuma suna ta kiɗa a kai. Baba Samanja ya sa aka yi godiya a coci. Ni kuwa na rame. 'Ya'yan suka fito, suka kai girman ƙwan kaza, suka tsaya. Kullum ya tambaya, in ce suna tafe. Da suka fara nuna da bazara, sai na ƙulla dabara. Na je inda motocin kudu ke sauke kaya, na zaɓi manyan mangwaro uku, masu santsi, marasa zare, na zuba a buhun da nake ɗaukar taki bayan na kakkaɓe shi. Niyyata in shiga da wuri, in tsince duk ƙananan da suka faɗo, in kai masa waɗannan in ce na farko ke nan. Har na shirya jawabin da zan yi.

Na tarar ya riga ni. Yana zaune a kujerarsa, rana ta ɗan taso, a gabansa ƙwallo uku an tsotse su fes, gashinsu a tsaye. Iska ta kaɗo su, ya lalubo da sandarsa. Yana ta ƙoƙarin cire zare daga haƙoransa da farce. Ban ji "Rahoto" ba. Na tsaya da buhu a hannu kamar an dasa ni.

Ya ce, "Gadina, zo nan. Zauna."

Na durƙusa a gabansa.

"Wace shekara?"

Na ce, "Daminar farko, Baba."

"Akuya?"

Ga hanya ya buɗe mini da kansa. Na dubi ƙwallayen nan na ce, "Ni ne. Da almakashi. Ban duba ba."

"Ina ka kai shi?"

"Juji."

"Ɗanye?"

"Ɗanye, Baba."

Can ya ce, "Lokacin Tsoho na da rai."

"Yana da rai."

Ya gyaɗa kai a hankali. Da ya ɗaga sandar nan ya sauke mini a ka, da na gode masa. Sai kawai ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. "Mi ke cikin buhunka?"

Na ce taki ne.

"Gadina."

Na zazzage su a ƙasa, suka gangara har ɗaya ya taɓa ƙafarsa. Ya ɗauka, ya auna a tafin hannu, ya shafa. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Ashe da saura. Har da kayan aiki ka taho." Ya miƙo mini. "Yanka mu ji abin da ka so ka ba ni."

Na yanka na miƙa masa. Ya ci yanki ɗaya, ya daɗe yana juya shi a baki. Ya ce, "Da daɗi. Da ka ba ni shi, da na yarda." Na ɗago na dube shi. Ya ce, "Shi ne abin. Ba don cikina nike jira ba, mangwaro ya cika kasuwa. Na hwara mance yadda nata yake. Muryarta ma sai na yi da gaske. Na ce in na sa shi a baki zai dawo mini." Ya ajiye sauran a kan gwiwarsa. "Da ka ba ni wannan, da shi zan riƙe a matsayin nata har in mutu."

Na fara ba da haƙuri, kalmomi suna karo da juna. Na ce zan tafi kudu da ƙafa in nemo irinsa, zan bi bariki-bariki. Ya ɗaga hannu. "Bar waƙa. Tashi ka ba shi ruwa, rana na yi." Na ce ko in sare ɗan gidan? Ya ce, "Shi mi ya yi?"

Na zaci kora ce za ta biyo baya, kuma da ta fi mini sauƙi. Bai kore ni ba, bai rage mini ko sisi ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Abu ɗaya ya yi. Ya riga ya cika gari da labarin mangwaron matarsa, saboda haka mutane suka yi ta zuwa gani. Duk wanda ya ɗaga kai ya ga 'yan ƙananan nan ya ce, "Baba, wannan ne?" sai ya nuna inda yake jin motsin manjagarata da sanda ya ce, "Tambayi gadina, shi ya san shi." Ni kuma in ajiye aiki in zo in faɗa da bakina, tun daga mai gyaɗa har juji. Na faɗa wa fasto. Na faɗa wa tsofaffin sojoji guda shida a zaune. Na faɗa wa 'yarsa malamar asibiti, wadda ta saurare ni har ƙarshe sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. In na yi ƙoƙarin gajarta labarin sai ya ce, "Ka tsallake kunu."

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ƙanwar marigayiyar, wata tsohuwa da ta taho daga wani ƙauye a wajen Danko, a bayan motar kaya, da ƙaramin kwando wanda ta shimfiɗa wa ganye a ciki, don ta kai wa 'yan'uwa su ɗanɗana abin da 'yar'uwarsu ta dasa. Ta gaisa, ta sha ruwa, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Sandar ta nuno ni. Na zo na durƙusa na faɗa mata duka. Hausarta ba ta da yawa, sai da Baba Samanja ya maimaita mata wasu wuraren da yarensu, a hankali, ba tare da ya canza murya ba. Da ya gama ta dube ni, ta dubi kwandonta. Ta zazzage ganyen a gindin bishiyar, ta kife kwandon a kanta saboda rana, ta tambaye ni ƙarfe nawa motar Danko take tashi.